Tauraron da ke ganin ambaliyar Haɗejiya ko da hadari ya rufe sama

A Agusta, da girgije ya lulluɓe sama, ta yaya tauraron ɗan'adam zai ga fadamar Auyo?

Mai kyamara, irin NigeriaSat-2 da aka harba a 2011, ba zai gani ba. Amma Sentinel-1 na Turai da na'urar rada yake aiki. Shi ne ke harbo siginar rediyo ta ratsa girgije ta taɓa ƙasa, sannan ya auna abin da ya dawo masa. Dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa.

To yaya ake gane ruwa a hoton?

Ruwan da ya kwanta sumul yake, sigina ta bugi bayansa ta zarce, sai wurin ya fito baƙi. Gona da gari kuwa da haske suke fitowa. Sai dai a kula da ciyawar kachalla, wadda ta cika dausayin Haɗejiya da Nguru: ruwan da ke ƙarƙashinta yakan mayar da sigina da ƙarfi, wurin ya yi haske alhali a nutse yake. Shi ya sa a ganina tilas mai duba hoton ya tambayi manoma da masuntan yankin.

Tauraron yana tsaye ne a kanmu?

A'a. Taurarin talabijin ne ke tsaye wuri guda, a nisan kusan kilomita 36,000. Wannan a kilomita 693 yake, yana kewaya duniya ta arewa da kudu cikin kusan minti 99, ita kuma tana juyawa a ƙarƙashinsa. Yana ɗaukar faɗin kilomita 250, sai ya yi zagaye 175, wato kwana 12, kafin ya dawo kan sawunsa. Wajen ƙarfe 6 na safe ko na yamma yake gitta mu.

Kwana 12 bai yi yawa ba?

Ya yi. Shi ya sa ake haɗa biyu: na farko a 2014, na biyu a 2016. Na biyun ya lalace a Disamba 2021, aka harba madadinsa a Disamba 2024. Gargaɗin ambaliya dai daga masu auna ruwa a madatsun Tiga da Challawa ya kamata ya fito. Aikin radar shi ne nuna gonakin da ruwa ya ci, kuma hotunan kyauta ne, don haka masu rabon tallafi a Ringim ko Kafin Hausa su riƙa duba su kafin rubuta sunaye.