Waiwaye: Dutsen Sama Mai Rabin Ƙarfe

Kakanninmu sun daɗe suna maganar gatarin aradu, amma masanan Turai sai da aka kai ruwa rana kafin su yarda dutse na faɗowa daga sama. Cikin abubuwan da suka juya tunaninsu har da wani curin ƙarfe mai nauyin kilo 700 ko kusa da haka, da aka tsinta a yankin Krasnoyarsk na Saiberiya a 1749. Wani masani Bajamushe, Peter Pallas, ya duba shi a 1772, ya ga ƙarfe ne mai ramuka kamar saƙar zuma, kowane rami da ƙwayar dutse a ciki. A 1794 wani masanin, Ernst Chladni, ya fito fili ya ce daga sararin samaniya curin ya zo. Aka yi ta musu har 1803, da duwatsu suka zubo wa garin L'Aigle na Faransa a gaban jama'a.

Sunan Pallas aka laƙaba wa wannan jinsi, ana ce masa palasait. Idan aka yanka shi siriri aka ɗaga wa rana, sai ka ga ƙwayoyin ma'adinin olibin suna sheƙi, wasu kore, wasu ruwan zuma, zube cikin ƙarfe mai haɗe da nikel kamar gyaɗa cikin alawa. Wallahi ko a hoto abin kallo ne. An daɗe ana ganin daga cikin wata ƙaramar duniya da ta tarwatse ya fito, daidai inda narkakken ƙarfen tsakiya ya haɗu da dutse, ko da yake wasu masanan yanzu suna ganin karo tsakanin ƙananan duniyoyi ne ya haifar da shi. Ɗan'uwansa mesosidarait ba shi da wannan kyau, ɓaraguzai ne da ƙarfe a cakuɗe. Su biyun duka, kusan ɗaya ne cikin ɗari na duwatsun da aka ga faɗowarsu.

Mu ma an yi a gabanmu. Dutsen da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962 nan Kaduna aka kawo shi, sai dai shi daga duniyar Mars yake, ba wannan jinsin ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake kai wa mutane kashin maƙera a ce dutsen sama ne, don kawai maganaɗisu ya kama. Kashin maƙera cike yake da ƙofofin iska. Na gaskiya a cure yake, yawanci ya fi dutsen gida nauyi, kuma sai gwaji ya nuna nikel a ƙarfensa kafin a saka kuɗi.