Me ake nufi da "nauyin kawo hujja" a shari'ar laifi?

Idan aka gurfanar da mutum a kotu bisa zargin aikata laifi, tambayar da ke gaban alƙali ita ce: shin mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifin? Alhakin tabbatarwar nan shi lauyoyi ke kira nauyin kawo hujja, kuma a ƙa'ida a wuyan mai gabatar da ƙara yake tun daga farkon shari'a har ƙarshenta. Wanda ake tuhuma ba sai ya wanke kansa ba. Doka ta ɗauke shi mara laifi, kamar yadda sashe na 11 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya tanada. A shari'ar Musulunci ma ƙa'idar sananniya ce: hujja tana kan mai da'awa.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta Woolmington a Ingila, a 1935. Mutumin ya harbe matarsa, ya ce bindigar ce ta tashi bisa kuskure. Alƙalin farko ya ce tunda ya amsa cewa a hannunsa ta mutu, shi zai tabbatar da cewa kuskure ne, aka yanke masa hukuncin kisa. Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta soke hukuncin, ta ce an ɗora kayan a kan wanda bai kamata ya ɗauka ba.

Abin da za a tabbatar kashi biyu ne a yawancin laifuka: aikin da kansa, da kuma niyya ko ganganci ko mummunan sakaci da ke bayansa. A sata, misali, bai isa a nuna an ga kayan wani a hannun mutum ba. Sai an nuna ya ɗauka ba da yardar mai shi ba, da nufin raba shi da kayan. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ginshiƙai ya faɗi, tuhumar ta rushe gaba ɗaya. Shi ya sa bayan mai gabatar da ƙara ya gama kiran shaidunsa, lauyan da ke kariya kan roƙi kotu ta sallami wanda yake karewa ba tare da ya buɗe baki ba, in har babu abin da zai amsa.

Sai kuma ƙarfin hujjar. Dole ta kai matakin da babu sauran shakka mai ma'ana. Ba a neman tabbacin da ya kore kowane irin zato, domin ko rana tsaka wani zai iya ƙirƙiro "wataƙila". Ana nufin shakkar da mai hankali zai iya kafa mata dalili daga abin da aka ji a kotu. A ƙarar diyya kuwa, ɓangaren da maganarsa ta fi rinjaye ko da kaɗan shi ke nasara. Wannan bambanci ne ya sa a Amurka aka wanke O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, daga laifin kashe mutum biyu a 1995, amma a 1997 wata kotun ta ɗora masa biyan diyyar sama da dala miliyan 33 a kan mutuwar mutanen biyu.

A aikace, shari'o'i sun fi lalacewa a ƙananan wurare. Shaida ya faɗa wa ɗan sanda cewa da dare abin ya faru, a kotu ya ce da hantsi. Wanda ya ce ya gane fuskar ɓarawo, sai tambayoyin lauya su nuna daƙiƙa kaɗan ya gan shi, cikin duhu. An kawo wuƙa ko ƙwaya, amma babu rubutun da ya nuna hannun wa da wa ta bi tun daga inda aka same ta. Ikirari ma, wanda masu bincike ke ji da shi, kotu kan yi watsi da shi idan ya bayyana da duka ko barazana ko alƙawari aka samo shi. Sau da yawa jama'a kan zargi alƙali idan aka saki wanda suka riga suka yanke wa hukunci a bakin titi, alhali tun a ɗakin bincike aka yi sakacin.

Akwai 'yan wurare da nauyin ke komawa kan wanda ake tuhuma. Wanda ya ce yana da taɓin hankali lokacin da ya aikata abin, a dokokin ƙasashe da dama shi zai kawo hujja, amma rinjaye kawai ake nema daga gare shi. Wanda kuma ya ce ba ya wurin lokacin da aka aikata laifin, aikinsa shi ne ya faɗi inda yake da waɗanda yake tare da su tun da wuri, daga nan mai gabatar da ƙara ne zai ƙaryata shi.