Haihuwar mata, da tambayar da za a yi kafin kaciya

Na sha ganin wannan a ɗakin haihuwa: jaririya ta faɗo lafiya lau tana tsala kuka, uwar kuwa ta juya fuska bango tana share hawaye da bakin zane. Ɗiya mace ta huɗu ke nan da ta haifa, kuma tun cikin yana wata bakwai uwar miji ta fara zancen a ƙaro "mai haihuwar maza". Jama'ar Damagaram, don Allah mu tsaya mu ji yadda abin yake.

A kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromozom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu a cikinsu ne ke raba jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, ba ta da wani. Maniyyin namiji ne ya kasu biyu, wani da X, wani da Y. In mai X ya riga shiga ƙwan, ɗiya. In mai Y ne, ɗa. Tun 1905 wata masaniya ƴar Amurka, Nettie Stevens, ta gano haka. Ke nan matar ba ta da hannu, shi ma maigidan ba zaɓe yake yi ba. Kyauta ce ta Allah, kuma babu rubutu ko saiwar da ke juya ta.

Abin da ya fi damuna shi ne batu na biyu: jinin da ke ƙin tsayawa bayan kaciya. Ɗa namiji X ɗinsa guda ne, daga uwarsa ya samo. In wannan X ɗin ya zo da matsala, ba shi da na biyu da zai rufa masa. Haka ciwon hemofiliya yake, wato jini ya ƙi daskarewa. Uwa tana iya ɗauke da shi ba ta sani ba, don ɗayan X ɗin nata yana aiki, amma kowane ɗa namiji da ta haifa, dama ɗaya cikin biyu ce ya gada. Ita ma gada ta yi, ba laifinta ba ne. Uban da ke da ciwon ba ya ba ƴaƴansa maza, amma duk ƴaƴansa mata suna ɗauka.

Na taɓa karɓar yaro kwana ɗaya bayan kaciya, tsumma na uku ya jiƙe sharkaf, leɓunansa sun yi fari fat. Da na tambaya, sai kakar ta ce ai kawunsa ma haka ya yi a hannun wanzami, aka ce mayu ne.

Shi ya sa kafin a kira wanzami, ko don kaciya ko cire beli, baba, ka tambayi dangin maiɗakinka: akwai kawu ko ɗan inna da jininsa ya taɓa ƙin tsayawa? Ke ma inna, ki lura da yaron da cibiyarsa ta daɗe tana zubar jini, ko gwiwarsa ke kumbura bayan ƴar faɗuwa, ko dasashinsa ke jini ba dalili. Wani lokaci ma ciwon kan bayyana a gidan da ba a taɓa ganinsa ba. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a ajiye aska, a zo likita a auna jini tukuna. Kada a ba shi asfirin, ƙara zubar jinin take yi.