Waiwaye: Yadda injin mota ya shiga jirgin sama na ƙirar gida

Har yau masu ƙera ƙananan jiragen sama a garejin gida a Amurka da Turai ba su daina jayayya ba: injin mota ya cancanci ɗaukar mutum sama, ko kuwa ganganci ne? Wasu gani suke sabon yayi ne na masu gudun tsada. Alhali da irin wannan injin aka faro harkar.

A 1926 jirgin Heath Parasol da injin babur na Henderson ya tashi. Bayan shekara uku Bernard Pietenpol, wani bakanike a ƙauyen Cherry Grove na jihar Minnesota, ya ɗora injin Ford Model A a jirginsa na katako, Air Camper. Lagireto ma a tsaye yake gaban matuƙi, sai ya leƙa ta gefe kafin ya ga hanya.

Abin da ake yawan mantawa shi ne dalilin da ya sa wannan haɗi ya yi kyau. Model A inji ne mai nawa: lita 3.3, ƙarfin doki 40, yana juyi 2,200 a minti. Ita kuwa farfela haka take so, don in ta cika gudu bakinta ya kusa saurin sauti, sai ƙara ta yi yawa, ja ya ragu. Shi ya sa Pietenpol ya ɗaura ta kai tsaye a jikin injin, ba giya a tsakani.

Daga baya injinan mota suka sauya hali. Suka ƙanƙance, ƙarfinsu ya koma can sama, wajen juyi 5,000 zuwa 6,000. A mota ba laifi, giya na nan, kuma direba ba ya wuni da ƙafa a ƙarshen totur. Jirgi kuwa sa'o'i yake yi yana cin mafi yawan ƙarfin injinsa. Injin Volkswagen Beetle ya ɗan rufa asiri da gajeriyar farfela, haka na motar Chevrolet Corvair mai silinda shida da Pietenpol ya koma wa bayan 1960. Sauran dole sai an ƙera musu giyar rage gudu, kuma a nan, inda girgizar inji ke karo da nauyin farfela, masu ƙera jirage da yawa suka sha wuya.

Ko injin Rotax 912 da ya fito a 1989 musamman don jiragen sama, juyi 5,800 yake yi. Bambancin kawai, tare da giyarsa aka zana shi tun daga masana'anta.