Lasisin talabijin: wa dokar ta hau, kuma wa ke da ikon ɗaure mutum?

Ranar Talata da hantsi na leƙa ɗakin Hajiya, maƙwabciyarmu a nan Nima, cikin birnin Akra na ƙasar Gana, don in gaishe ta. Sai na tarar da teburin da akwatin talabijin ɗinta yake zama a kai wayam, babu komai sai shatin ƙura da wayar eriya tana reto daga taga. Ashe jikokinta ne suka naɗe akwatin da tsohon bargo suka tura shi ƙarƙashin gado. Na ce, "Hajiya, lafiya? Ya lalace ne?" Ta ce, "Ɗan nan, kai ba ka ji saƙon ba? An ce gida-gida za su bi, duk wanda aka samu da talabijin babu takarda, shekara guda zai yi a gidan yarin Nsawam. Ni da wannan ƙafar tawa, ina zan iya?"

Saƙon na ji shi, domin ya zaga kusan kowane zauren WhatsApp na unguwa. Wata murya ce da ba ta faɗi sunanta ba, tana rantsuwa cewa za a fara kame, cewa mai wayar hannu ma zai biya, cewa za a riƙa zare kuɗin daga asusun MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuma mai gida ne za a kama a madadin 'yan hayarsa. Abin da ya sa irin wannan saƙo yake kama zuciya shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, sai aka lulluɓe ta da ƙarya. Tsohuwa mai shekara saba'in ta kwana biyu ba ta ga labarai ba saboda tsoro, wannan ya ishe ni dalilin zama in warware zancen.

Dokar dai tana nan, kada wani ya ce maka babu ita. Sunanta dokar lasisin talabijin ta 1966, mai lamba NLCD 89, wadda gwamnatin soja ta kafa shekara guda bayan an buɗe gidan talabijin na ƙasa a ranar 31 ga Yuli, 1965. An yi mata gyara a 1991, aka sa kuɗin ya zama tsohon sidi 3,000 a shekara. Da aka canja kuɗi a 2007 wannan adadi ya koma pesuwa 30, abin da bai kai kuɗin buga rasit ɗin ba, don haka karɓar ta mutu murus. A 2015 aka fara karɓar sabon farashin da majalisa ta amince da shi: sidi 36 a shekara ga gidan da ke da akwati ɗaya, sidi 60 ga mai biyu ko fiye. Masu sayar da talabijin da masu gyara da wuraren kasuwanci irin su otal suna da nasu lissafin daban. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa, GBC, wanda hedikwatarsa take nan Kanda, tafiyar ƙafa daga Nima, shi ke karɓa.

Abu na farko da mutane suke faɗa game da GTV, tashar talabijin ta GBC, shi ne, "Ni ai ba na kallon GTV, UTV da Adom nake kallo," ko kuma "Ni ina biyan DStv kowane wata." Na fahimci haushin, amma a idon doka wannan ba kariya ba ce. Abin da sashen farko ya hana shi ne mutum ya kafa akwatin karɓar talabijin ko ya yi amfani da shi ba tare da lasisi ba. Bai ambaci tashar da kake kallo ba ko kaɗan. A 1966 tasha ɗaya ce tak a ƙasar, don haka babu wanda ya yi tunanin bambanta mallakar akwati da kallon GBC. Tashoshi masu zaman kansu irin su TV3 sai a 1997 suka zo, dokar kuwa tana nan da tsohuwar rigarta.

Waɗannan kalmomi biyu, kafawa da amfani, su ne kuma amsar zancen mai gida. A gidajenmu na Zango, inda ɗaki goma ko sha biyar suke kewaye da tsakar gida ɗaya da mita ɗaya, kowane ɗan haya da nasa akwatin. Wanda ya sayo ya kafa yake kallo, shi dokar take magana da shi. Mai gida yana da alhakin nasa akwatin ne. Duk mai gidan da ya ce zai ɗora "kuɗin lasisi" a kan haya, a tambaye shi rasit na GBC mai sunan ɗan hayar.

Sai zancen waya, wanda ya fi kowanne rikitarwa, kuma yana da asali. A farkon 2018, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan wannan kuɗi, an ji shugaban GBC na wancan lokaci yana bayanin cewa abin da ake biya dominsa shi ne shirye-shiryen da ake kallo, kuma hakan zai iya shafar masu kallo ta na'urorin hannu. Daga nan maganar ta shiga bakin duniya, har yau ba ta fita ba. Amma bayanin shugaban ma'aikata daban, rubutun doka daban. Dokar ta fassara akwatin talabijin da cewa na'ura ce da aka ƙera domin karɓar hotuna kaɗai, da sauti ko babu sauti, waɗanda ake watsowa ta iska. A lura da kalmar "kaɗai". Wayar da ke aljihunka an ƙera ta ne domin kira da saƙo da tura kuɗi da ɗaukar hoto da shiga intanet. Kallon ƙwallo a cikinta aiki ɗaya ne cikin ɗari. Haka kwamfuta. Lauyoyi sun nuna wannan tun a lokacin, kuma duk wanda ya karanta jimlar da hankalinsa zai ga haka. Idan ana so waya ta shiga ciki, majalisa ce za ta zauna ta sake rubuta dokar a bainar jama'a. Game da MoMo kuwa, ina jin tabon harajin E-Levy ne, na tura kuɗi ta waya, wanda aka fara cira a 2022 aka soke a 2025, yake sa mutane saurin gaskatawa. Wancan doka ce ta musamman da majalisa ta yi. Dokar 1966 ba ta ba kowa ikon shiga asusun wayarka ba.

Yanzu ga abin da ya sa Hajiya ta ɓoye akwatinta. Gaskiya ne dokar ta tanadi hukunci: wanda ya saɓa mata, idan kotu ta same shi da laifi, ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi na wa'adin da bai wuce shekara guda ba. Mai saƙon murya ya ɗauki "shekara guda" ya yar da sauran jimlar. Da farko, shekara guda ita ce ƙurewa, iyakar da alƙali ba zai tsallake ba, kuma tara tana nan a matsayin zaɓi. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, hukuncin yana zuwa ne bayan shari'a. Sai an kai ƙara, an kira ka, an kawo hujja, ka kare kanka. Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 19, ya ce kowa marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa ko ya amsa da bakinsa, kuma wanda bai jin harshen da ake shari'a da shi yana da haƙƙin a ba shi tafinta kyauta. Ina so iyayenmu da ba sa jin Turanci su riƙe wannan. Mai karɓar kuɗi ba alƙali ba ne. Mutumin da ya tsaya a ƙofarka da kati a wuya ba shi da ikon yanke maka hukunci, balle ya ce ka ba shi wani abu "a kashe magana".

Tsoron kotu ma yana da tarihinsa. A watan Disambar 2017 Babbar Mai Shari'a ta lokacin, Sophia Akuffo, ta ware wasu kotuna a faɗin ƙasar domin sauraron ƙarar waɗanda ba su biya ba, bisa roƙon GBC, za su fara zama daga 4 ga Janairu, 2018. Ƙasa ta ɗauki zafi. Ba a yi nisa cikin watan ba hukumar gudanarwar GBC ta umarci shugabannin gidan da kada su gurfanar da kowa, daga baya kuma aka tura shugaban gidan hutu. Yawancin saƙonnin da ke yawo yanzu ragowar labarin wancan wata ne ake ɗumamawa. Sai dai a sani, umarnin hukumar gudanarwa bai soke doka ba. Majalisa kaɗai ke soke doka. Shi ya sa ba zan ce wa kowa "manta da shi" ba.

To, akwai tambayar da wani mai shagon aski a Mamobi ya yi mini, wadda na ga ta fi duk saƙonnin nauyi. Yana cikin share gashi daga wuyan wani yaro, talabijin ɗinsa na bango yana nuna wasan ƙwallo, ya ce, "Malam, ashe ba da harajinmu ake biyan albashinsu ba? Kuma suna saka talla. Sau nawa za mu biya?" Bai yi kuskure ba. GBC tana cin abinci daga tukunya uku: tallafin gwamnati daga baitulmali, wanda galibi albashi yake tafiya, da kuɗin talla, da wannan lasisi. Duk wanda ya sayi katin waya ko ya biya harajin kaya a kanti ya riga ya sa hannu a tukunya ta farko.

Hujjar masu goyon bayan lasisin ita ce wanda ke ciyar da kai shi ke juya ka. Gidan da albashinsa yake jiran sa hannun ma'aikatar kuɗi, da wuya ya ɗaga murya a kan gwamnati mai ci, kowace jam'iyya ce. Kundin tsarin mulki ya san da wannan haɗari. Sashe na 163 ya wajabta wa kafafen gwamnati su ba da dama ga ra'ayoyi mabambanta, sashe na 167 kuma ya ɗora wa Hukumar Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa aikin kare su daga juyin gwamnati. Tun a 1993 jam'iyyar NPP, tana adawa a lokacin, ta kai GBC Kotun Ƙoli saboda an watsa taron jam'iyyar NDC mai mulki a lokacin kan kasafin kuɗi an hana ta irin wannan dama, kuma ta yi nasara. Kuɗin da ke fitowa kai tsaye daga hannun jama'a ana fatan shi zai sa gidan ya san jama'a ne iyayen gidansa. A kan wannan tunani BBC take tsaye a Ingila. Faransa kuwa ta soke nata lasisin a 2022 ta koma ɗaukar nauyin tashoshinta daga haraji. A Amurka, a 2025 majalisa ta janye sama da dala biliyan ɗaya da aka ware wa kafafen jama'a, abin da ke nuna yadda tallafin gwamnati yake iya yankewa dare ɗaya idan siyasa ta juya.

Mu Hausawan Gana muna da namu rabon a cikin wannan magana, ko da ba mu cika faɗa ba. Hausa tana cikin harsuna shida da GBC ta daɗe tana watsa labarai da su, tare da Akan, Ga, Ewe, Dagbani da Nzema. Ina tuna mahaifina yana tsayar da hira cak idan lokacin labaran Hausa ya yi, ya matso da rediyo kusa da kunnensa, mu yara kuma mu yi tsit. Tashar kasuwa tana bin inda talla take. Ba za ta kafa gidan rediyo a Wa ko Bolgatanga don kawai mutanen can su ji sanarwar rigakafi da ranar zaɓe a harshensu ba. GBC tana yi, domin an kafa ta ne don haka.

Duk da wannan, raina bai kwanta da siffar dokar ba. Sidi 36 a shekara sidi 3 ne a wata, kuma na san wasu za su ce bai kai kuɗin koko da ƙosai ba. Amma kuɗi ɗaya ne a kan bazawara mai ɗaki guda a Nima da kuma mai katafaren gida a East Legon, kuma an rataya masa barazanar kurkuku. Ɗaure talaka saboda bashin da bai kai kuɗin kwanansa ɗaya a gidan yari ba, ban ga adalci a ciki ba, ban ga hikima ba. Sannan wanda aka ce ya biya yana da haƙƙin ya ga lissafi: nawa aka tara, ina ya tafi, minti nawa aka ƙara wa shirin harshensa. A 2015 an sanar da tsarin rabo inda GBC za ta ɗauki kashi 72 cikin ɗari, ƙungiyar tashoshi masu zaman kansu ta ɗauki 15, sauran a raba wa wasu hukumomi, kuma tun a lokacin aka yi ta gardama kan ko dokar ta yarda da wannan rabo. Dokar da aka rubuta a zamanin tasha ɗaya da hoto baƙi da fari tana buƙatar majalisa ta sake ɗinka ta, a cire ɗauri, a sassauta wa tsofaffi da marasa ƙarfi.

Kafin a kai can, wanda yake da akwati kuma yana da hali, hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce ya je ofishin GBC da kansa, a Kanda ga mutanen Akra, ko ofishinsu na Kumasi, ya tambayi adadin da ake karɓa, ya biya, ya karɓi rasit ya adana. Kada a miƙa wa kowa tsabar kuɗi a bakin ƙofa ba rasit, kada a tura kuɗi zuwa lambar da aka turo cikin saƙo. Wanda kuma takardar sammaci ta gaske ta iso masa, kada ya ɓuya, ya nemi mai karanta masa ya je.

Da la'asar ni da babban jikan Hajiya muka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, muka kakkaɓe bargon, muka mayar da wayar eriya. Ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo kuɗi ta ba yaron, ta ce gobe in ya taso daga makaranta ya bi ta Kanda, kuma kada ya dawo mata ba takarda.