Wata uku na farko: haƙƙin wanda ya sayi mota mai matsala

A kasuwar motoci akwai maganar da ta zama kamar doka a bakin dillalai: mota in ta fita daga fili, ta fita ke nan. Wasu har a rasit suke buga ta. Mutum ya haɗa kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya saya, bayan sati biyu giya ta fara ƙin shiga ko inji ya riƙa shan baƙin mai, ya koma a ce masa ai ciniki ya faɗa. Dokar Najeriya ba haka ta ce ba, kuma abin takaici ne yadda mutane ke asarar haƙƙinsu saboda rashin sanin wa'adi guda ɗaya.

Dokar ita ce ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu saye ta CPC. Sashe na 131 ya ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya mai kyau, mai aiki, marar aibi, wanda ya dace da abin da aka saba yi da irinsa, kuma zai jure amfani na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 kuma ya mayar da wannan garanti a cikin kowane ciniki, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. A nan wa'adin yake: cikin wata uku daga ranar da aka miƙa maka kaya, idan ya gaza cika waɗancan sharuɗɗa, kana iya mayar da shi ga wanda ya sayar maka ba tare da an ci ka tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyansa take. Shi kuwa dole ya yi ɗaya cikin uku: ya gyara, ya canja, ko ya dawo da kuɗi.

A lura, daga ranar karɓar mota ake fara ƙirge, ba daga ranar da matsala ta bayyana ba. Wannan ne ramin da akasari ake faɗawa. Ka kai ƙorafi da baki, manaja ya tarbe ka da fara'a, "Alhaji kada ka damu, kawo ta Litinin yaranmu su duba." Litinin a ce kayan gyara suna hanya daga Legas. A ɗan taɓa ta, ka ɗauka, bayan kwana goma fitilar gargaɗi ta sake kamawa a gaban sitiyari. Kana ta kawaici don kada a ce ka cika fitina, kwanaki kuwa suna tafiya. Ranar da haƙurinka ya ƙare ka ce a ba ka kuɗinka, sai a buɗe rasit a nuna maka an shiga wata na biyar. Kada ka dogara da cewa zaman da motar ta yi a garejinsu zai tsayar da ƙirgen. Tun ranar farko ka rubuta: takarda mai kwanan wata, lambar mota da lambar shasi, abin da take yi, da abin da kake nema. A sa hannu a kwafinka, ko ka tura ta imel ko WhatsApp inda za ta zauna. Duk shigar da ta yi gareji ka karɓi takardar aikin da aka yi da adadin kilomitar da ke kan mita.

Garantin kamfani wani abu ne daban. Shi alkawari ne da mai ƙera mota ko wakilinsa ya ɗauka don kansa, misali shekara uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Ya fi wa'adin doka tsawo, amma yana tafe da sharuɗɗa. Galibi gyara kawai ya ƙunsa. Ba ya ɗaukar abubuwan da ke cinyewa da amfani irin su taya da takalmin burki, kuma yakan buƙaci a yi sabis a kan lokaci a wurin da suka amince. Wanda ya ji ƙara a inji ya ruga wajen bakaniken unguwa aka kwance, ya ba su hujjar zamewa da hannunsa. Kowa ya san wani bakaniken ya fi na kamfani iya aiki, amma a lokacin garanti a bar masu mota su fara buɗe ta. Garantin nan ƙari ne a kan abin da doka ta ba ka, ba ya goge shi. Haka rubutun "ba a dawo da kaya": sashe na 129 ya hana sa sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙin da dokar ta ba shi. Ga wanda ya yi karatun fiƙihu ma wannan ba baƙon abu ba ne, malamai sun daɗe da karantar da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye.

To motocin Beljiyam da na Kwatano fa, waɗanda su ne yawancin abin da muke hawa? Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayarwa ya bayyana a fili cewa kayan na hannu ne ko an sake masa gini. Ba wanda zai nemi ƙarkon sabuwa a jikin motar da ta shekara 12 tana yawo, amma tsufa daban, ɓoye aibi daban. Wanda ya mayar da mita baya, ko ya ce ba ta taɓa haɗari ba alhali an miƙe ta an fesa fenti, ya faɗa ƙarƙashin sashe na 125 da ya haramta bayanin ƙarya ko na yaudara. Sai dai dokar da masu sana'ar sayarwa take magana. Wanda kuma ya sari mota don ya sake sayarwa ba ya cikin waɗanda take kira masu saye.

Akwai sashen da na fi so mutane su riƙe, na 145. Idan aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar. Ba kai ne za ka tabbatar da cewa da ciwonta ta zo ba, shi ne zai nuna lafiya lau ya ba ka ita. Duk da haka hotuna, bidiyon hayaƙin da take fitarwa da takardun sabis ɗinka su ne za su rufe bakin mai cewa kai ka lalata ta.

Idan wanda ya sayar maka ya ƙi, sashe na 146 ya ba ka hanya: ka kai ƙorafi ga FCCPC, ta ofishinta ko shafinta na intanet, ko ka wuce kotu kai tsaye. Wucewar wata uku ba ta rufe ƙofar kotu, domin ƙarar saɓa yarjejeniya tana da nata wa'adin, shekara biyar ko shida gwargwadon dokar jihar da kake, lauya zai faɗa maka na jiharka. Amma can shari'a ce mai cin lokaci da kuɗi, kuma duk watan da ka ƙara kana hawan motar, ƙarfin cewa a dawo maka da kuɗinka cif yana raguwa.