Wai sarakunan Rum ne suka ƙirƙiro addinin Kirista don su mallake talaka?

Maganar nan a fadarmu ta taso, nan Sabon Gari na Zinder, daren Asabar kuran ya ɗauke muna kan tabarma ana jiran shayi na biyu, sai wani ƙanenmu ya miƙo salula ya ce yaya saurari wannan vokal ɗin da aka turo gurup. Mutumin ya fi minti goma yana zuba, wai babu wani Yesu da ya taɓa taka ƙasa, sarakunan Rum ne suka zauna suka tsara shi don talaka ya daina tawaye. Musu ya kaure har shayin ya huce a buta. Ni Musulmi ne kuma ina son karatun tarihi, shi ne na tattaro tambayoyin da aka yi ta jefo min a daren.

Daga ina ma zancen ya samo asali?

Kala biyu ne ake cakuɗawa. Na farko na wani Ba'amurke ne Joseph Atwill, a 2005 ya fitar da littafi mai suna Caesar's Messiah, ya ce gidan sarki Vespasian da ɗansa Titus, waɗanda suka murƙushe tawayen Yahudawa suka rushe haikalin Ƙudus a shekara ta 70, su ne suka sa aka rubuta Linjila don a samu almasihu mai sanyin hali. Na biyu kuma cewa suke sarki Kostantin ne ya haɗa addinin a taron Nikiya na 325. Tsakanin labaran nan biyu akwai shekara 250 da ɗoriya, amma mai vokal ya haɗe su kamar rana ɗaya aka yi.

To me zai hana ya zama gaskiya?

Lissafin shekaru kawai ya isa. Vespasian ya hau mulki a 69. Wasiƙun Bulus, ɗaya daga manyan masu wa'azin Kirista na farko, kuwa tun wajen shekara ta 50 yake rubuta su, yana aika wa jama'o'in da suka riga suka kafu a Tasalonika da Koranti da cikin Rum kanta, yana ma ba da labarin yadda suka yi sa'insa da Bitrus, almajirin Yesu. A 64 da gobara ta ci birnin Rum sarki Nero Kiristoci ya ɗora wa laifi ya kashe su, kenan shekara biyar kafin gidan da aka ce su suka ƙirƙiro su su samu sarauta. Ɗa ya riga ubansa zuwa duniya? Wanda ya ba mu labarin Nero ɗin ma, Tacitus, ɗan majalisar Rum ne da ya tsani Kiristoci, camfi mai cutarwa yake kiran addininsu, amma duk da haka ya rubuta cewa wanda suke bi ya yi zamani da gwamna Bilatus lokacin sarki Tiberiyas. Shi ya ce kashe shi aka yi, mu kuma aƙidarmu a kan wannan tana cikin Suratun Nisa'i aya ta 157, amma dai ko maƙiyi bai ce mutumin bai wanzu ba.

Ko dai da gangan suka bar shi yana yaɗuwa a ɓoye?

In dabara ce to ban taɓa jin irinta ba. Wajen shekara ta 112 wani gwamna mai suna Pliny, a yankin da ke cikin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa sarki Trajan yana neman shawara ya zai yi da mutanen nan. Ya ce shi dai yakan kawo gunkin sarki ya ce a ƙona turare a zuba giya a zagi Almasihu, wanda ya yi ya tafi gida, wanda aka tambaya sau uku ya kafe a kashe shi. Gwamna guda bai san abin da gwamnatinsa ta ƙirƙiro ba kenan?

A 250 sarki Decius ya sa doka kowa sai ya yi yanka wa gumaka a ba shi takardar shaida da sa hannun jami'ai, kuma an tono irin takardun nan fiye da 40 a Masar, suna nan har yau. Decius ɗin nan shi ne Dakyanusu da muke ji a bakin malamai lokacin tafsirin Suratul Kahfi, da yawa daga masu tafsiri sun ce a zamaninsa samarin suka gudu kogo. Wannan wurin ya fi taɓa ni, don mun sha jin ƙissar cikin azumi muna tausaya wa samarin, sai ga shi muna tura vokal da ke cewa sarkin da ya kore su shi ne mai addinin. A 303 kuma Diocletian ya sa a rushe coci-coci a ƙone littattafai. Sai a 313 aka ba su 'yanci.

Taron Nikiya fa, ba can aka zaɓi littattafan Baibul ba?

A'a. Garin yana nan a Turkiyya, Iznik ake ce masa yanzu. Rigimar da ta tara bishop-bishop ita ce ta wani limamin coci na Iskandariya mai suna Arius, shi ya ce Yesu, wanda suke kira Ɗa, halitta ne yana da farko, akasarin taron suka ƙi. Sun kuma yi maganar ranar Ista da dokokin coci. Zaɓen littattafai bai shiga ba, kuma akwai guntayen Linjila a kan takardar papirus da suka girmi Kostantin da fiye da shekara ɗari. Cewa Kostantin ya sa hannu cikin rigimar aƙida don daularsa ta zauna lafiya, wannan gaskiya ne, shi ya kira taron ma. Mu da Kiristoci muna da saɓani na gaske kan matsayin Annabi Isa alaihissalam, amma abin da ake saɓani a kai ya riga taron.

Kana nufin masu mulki ba su taɓa amfani da addinin ba?

Sun yi, sosai ma, kuma duk wanda ya musa bai yi adalci ba. A 380 Theodosius ya mai da shi addinin daula aka shiga takura wa wanda ya saɓa. A 1452 Fafaroma Nikolas na biyar ya ba sarkin Fotugal izinin bautar da waɗanda ba Kirista ba. A 1807 a Landan aka buga wani Baibul na musamman don bayin tsibiran Karibiyan, aka cire labarin yadda Annabi Musa ya fitar da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna. Amma ka duba, in da littafin don bautarwa aka rubuta shi tun farko, me ya sa sai da suka yanke shi da almakashi kafin su miƙa wa bawa? Wanda ya hau doki ba shi ya halicce shi ba. Mu ma nan lokacin kamfe mun san yadda ɗan siyasa yake neman sahun gaba ranar Juma'a.

A nan ƙasarmu ai Nasara ne suka zo da shi, ko ba haka ba?

Sojan Faransa sun shigo Damagaram a 1899 da bindiga, bayan kashe kyaftin ɗinsu Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sai a 1924 suka zauna a Zinder, kuma ba Faransawa ba ne, gwamnatin Faransa kanta tun 1905 ta raba gari da coci. Sun ci moriyar inuwar mulkin mallaka, e. Amma addinin ya daɗe a Afirka kafin nan, Habasha ta karɓe shi tun ƙarni na 4 zamanin sarki Ezana, kuma can ne Sahabbai suka yi hijira wajen Najjashi a 615. A Farisa kuwa, babbar abokiyar gabar Rum, coci ta rayu ƙarƙashin sarakunan da ke kashe mabiyanta.

Yaya, kai da kake Musulmi me ya dame ka?

Ƙanen nan ne ya yi min wannan, na ce masa ƙanena mai vokal ɗin nan cewa ya yi Isa bai wanzu ba, kai kuma kullum kana karanta Suratu Maryam, wanne za ka riƙe? Ya yi shiru. Na ce masa kuma a intanet ɗin nan akwai masu rantsuwa wai Batikan, fadar Fafaroma, ce ta ƙirƙiro Musulunci, da irin salon nan sak, ba shekara ba shaida, in ka ji za ka ji zafi. Sannan ni ina garin nan ranar 16 ga Janairu 2015 da aka ƙona coci-coci bayan sallar Juma'a, na ga hayaƙin da idona, na ga wata maƙwabciyarmu da muka tashi muna cin shinkafar Kirsimetinta tana jan 'ya'yanta zuwa gidanmu ba ko takalmi. Kwana uku suka yi a ɗakin innarmu.